Fatawa: Hukuncin ɗan barkwanci mai kwaikwayon ƙabilu da 'yan daudu a kan dandamali

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan Zariya, ina karatun digiri na biyu a Manchester ta ƙasar Ingila. Na ɗan jima ina irin barkwancin nan da mutum zai hau dandamali shi kaɗai da makirufo, ya yi ta zuba labari jama'a na dariya. Da wasa na fara, yanzu har ana ɗan sallamata. Abin da nake ba da dariya da shi ya haɗa da labarin kaina da na gidanmu, da kwaikwayon Turancin Bahaushe mai gadi, da rowar wannan ƙabila da hayaniyar waccan, sai kuma kwaikwayon ɗan daudu: rangwaɗarsa, karya murya, tafa hannu. Gaskiya na ƙarshen nan ya fi tashin wuri, musamman in 'yan Najeriya ne suka cika ɗakin. To cikin waɗanda muke hawa dandamali tare akwai wani Bature da ba ya ɓoye cewa ɗan luwaɗi ne, kuma shi ya fara nema mini gurbi a wurin. Kwanan baya ya ja ni gefe ya ce wannan wasa yana cutar da irinsu. Abokaina kuwa suka ce kada in kula shi, ai wulaƙanta masu wannan hali ma hani da mummuna ne, kuma Dave Chappelle, ɗan barkwancin nan na Amurka, shi ma Musulmi ne, an yi masa ca bai fasa ba. Malam, mene ne hukuncin sana'ar, da wasannin, da hulɗata da wannan mutum?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ba da dariya a karan kansa ba haram ba ne. Allah ya jingina dariya da kuka ga kansa a Suratun Najmi, aya ta 43. Sahabbai sun ce wa Annabi (SAW): kai ma kana wasa da mu. Ya ce: lallai ni ba na faɗin komai sai gaskiya. Tirmizi ya ruwaito. Imamul Gazali a Ihya'u ya soki mai mayar da raha sana'ar da zai lizimta dare da rana yana kafa hujja da rahar Annabi (SAW), kuma sukar tana nan daram ga wanda wasa ya cinye masa salla da karatu da kwarjini. Amma kuɗin da ake ba ka hukuncinsa yana bin hukuncin abin da ka faɗa ne: maganar halal, ladarta halal. Sai dai na san galibin ɗakunan barkwanci a Ingila mashaya ce ke riƙe da su. Hadisi ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ka nemi ɗakunan jami'a, tarukan al'umma da gidajen wasan kwaikwayo, ka rage ƙafa daga wancan har ka bar shi.

Labarin kanka da na gidanku shi ne mafi tsabta cikin kayanka, da sharaɗi biyu. Kada ka tona asirin iyaye don a tafa maka. Kuma ka kiyayi hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: azaba ta tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya sa mutane dariya, kaiconsa, kaiconsa. Malamai da dama sun ware ƙagaggen labarin da mai ji ya san ƙage ne, kamar tatsuniya ko Maƙamatul Hariri da muke karantawa a zaure, domin babu wanda aka yaudara. Ƙaryar da hadisin ya fi kamawa ita ce ka ce “wallahi wannan ya faru da ni” a kan abin da bai faru ba, musamman in akwai wani da zai kwashi baƙin jini a ciki. A watan Satumba na 2023 mujallar New Yorker ta bankaɗo cewa Hasan Minhaj, ɗan barkwancin Amurka Musulmi, ya yi ƙari da ƙage a wasu labaran wariya da ya ce sun same shi. Ya kare kansa da cewa asalin abin gaskiya ne, ado kawai ya yi masa. Ko a wurin waɗanda ba su san hadisin ba sai da abin ya zame masa tabo.

Maganar ƙabilu kuwa, aya ta 11 a Suratul Hujurati ba ta bar kwana ba: kada wasu mutane su yi wa wasu mutane izgili, ta yiwu waɗancan sun fi su alheri, kuma kada ku jefi juna da miyagun laƙabai. Lura da lafazin, jama'a ne a kan jama'a, wato daidai abin da ake yi in an ce 'yan ƙabila kaza ɓarayi ne ko marowata. Suratur Rum aya ta 22 ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Ibn Majah ya ruwaito daga Nana A'isha cewa cikin mafi girman masu ƙage akwai wanda suka yi zambo da mutum ɗaya, sai ya haɗa da ƙabilarsa gaba ɗaya ya zambace. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa: kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da kai. Sayyidina Umar kuma ya tsare mawaƙi Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙan ɗan Badar, duk da cewa baitin gwaninta ne har sai da aka kira Hassanu ɗan Sabit ya tabbatar zambo ne.

Na san za ka ce ai mu Hausawa da wasan ƙabilanci muka tashi. Haka ne. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi irinka, ga wasan taubasai da na jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar wannan al'ada ta kai har UNESCO ta sa ta cikin gadon ɗan Adam a 2014. Ban haramta shi ba, kuma yana da asali a sunna. Zahir, wani mutumin ƙauye ne mai kawo wa Annabi (SAW) tsarabar daji, Annabi yana cewa: Zahir ƙauyenmu ne, mu kuma birninsa. Wata rana ya same shi a kasuwa ya rungume shi ta baya yana cewa: wa zai sayi wannan bawa? Zahir ya ce: ashe za ka same ni maras daraja. Annabi ya ce: amma a wurin Allah kai mai tsada ne. Dubi yadda wasan ya ƙare, wanda aka yi wa ya tafi ya fi yadda ya zo girma.

Abin da ya halatta wasan Bafulatani da Babarbare shi ne su biyun suna wurin, kowa na da bakin ramawa, kowa ya yarda, kuma in ɗaya ya shiga uku ɗayan ne zai fara tsaya masa. Dandamali ba haka yake ba. Makirufo ɗaya ne, yana hannunka. Mai gadin da kake kwaikwayon Turancinsa yana can Legas a bakin ƙofar wani yana kwana a kan benci, ba shi da hanyar ramawa, kuma waɗanda ke dariya da yawansu dama can sun ɗauka Bahaushe bai wuce “aboki” mai gadi ko mai shayi ba. Ka ba su shaida daga bakin ɗan gida. Gazali ya ce wanda ya mai da kansa abin ba'a kuma yana jin daɗin hakan, ba'a a kansa ta shiga babin raha. To kanka kake da iko da shi. Mutuncin miliyoyin Hausawa ba naka ba ne balle ka yafe.

Kada kuma ka ɗauka dariya iska ce mai wucewa. A Amurka, wajen 1830, wani Bature mai suna Thomas Rice ya riƙa shafa baƙi a fuska yana rawa da kwaikwayon baƙar fata da sunan Jim Crow. Daga baya sunan nan ne aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar. A Ingilar da kake zaune, BBC ta yi shekara 20, daga 1958 zuwa 1978, tana nuna shirin Turawa masu shafa baƙi, masu yi suna cewa ai nishaɗi ne. In wani ya hau dandamali a Manchester yau ya sa rawani yana kwaikwayon Musulmi ɗan ta'adda, ka san yadda cikinka zai yi. Hukuncina a nan: wasan da zai nuna bambancin ɗabi'u cikin ƙauna, ba ƙarya, ba jingina aibi ga ƙabila sukutum, kuma za ka iya yin sa a gaban dattawan ƙabilar ba tare da ka sunkuyar da kai ba, ya halatta. Wanda ya wuce nan izgili ne, haram ne.

Sai babbar tambayarka. Tun farko, hukuncin luwaɗi da maɗigo a shari'a sananne ne, mazhabobi huɗu sun haɗu kan haramcinsu, zamanka a Ingila bai sauya wannan ba, ni ma ban sauya shi ba. Amma abokanka sun yi tsalle daga “aikin haram ne” suka dira kan “mutuncin mai aikin halal ne”, kuma babu gada tsakanin biyun.

Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana masa laƙabi da Himar, wanda yakan ba Annabi (SAW) dariya. Kusan abokin sana'arka ne. An sha kawo shi ana masa bulala kan shan giya. Rannan aka sake kawo shi, sai wani ya ce: Allah ka tsine masa, sau nawa ake kawo shi! Annabi (SAW) ya ce: kada ku tsine masa, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya game da wani mashayin ya ce: kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Wannan mutum ne da laifinsa ya tabbata a gaban Annabi da kansa, an yi masa haddi, amma aka hana a ƙara masa da tsinuwa. Ina ga wanda ba a tabbatar da komai a kansa ba sai salon tafiya?

Nan ne mutanenmu suke cakuɗa abu biyu. Daudu salo ne na magana da motsi da sana'a, da yawansu ka san su da tuwo-tuwo da suyar kaji a tasha da wurin biki. Luwaɗi kuwa aiki ne da ba ya tabbata a gaban alƙali sai da iƙirari ko shaidu huɗu. Imamun Nawawi a sharhin Muslim ya kasa namiji mai ɗabi'ar mata gida biyu. Akwai wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa. Akwai mai ɗora wa kansa da gangan, shi ne hadisin tsinuwa ya shafa. Ibn Hajar ya ƙara da cewa na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali. Kai da ke kan dandamali ba ka da hanyar rarrabe su, kuma mai dariya ba ya rarrabewa. Yaron da Allah ya yi wa siririyar murya, wanda ke fama da tsokana tun firamare, shi ne zai ji an kira shi da muryar da ka koya wa mutane. Haka nan wanda aka jarraba da wannan sha'awa a zuciyarsa yana danne ta don tsoron Allah, ba shi da laifi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Ta yiwu yana zaune a sahu na uku a wurin wasanka, yana dariyar dole don kada a gane. Wa ya ce maka ba shi ne wanda ayar ta ce ta yiwu ya fi ku alheri ba?

Sannan ga wani abu da abokanka ba su lura da shi ba. Hadisin Ibn Abbas a Buhari ya ce Annabi (SAW) ya tsine wa maza masu kamanceceniya da mata. Kai ne kake hawa gaban jama'a kana karya murya kana rangwaɗa da gangan, har kana gwadawa a gaban madubi don ta fita da kyau. Wanda ake wa ba'a wataƙila yana da uzurin halitta, kai mene ne uzurinka? Ga kuma hukuncin kwaikwayo shi kansa. Nana A'isha ta ce ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gaban Annabi (SAW), sai ya ce: ba na son in kwaikwayi wani ko da za a ba ni kaza da kaza. Malamai sun sa kwaikwayon tafiya da murya don tozartawa cikin giba, har wasu suka ce ya fi ta baki muni domin ya fi fito da surar mutum.

In kuma wasan ya kai ga nuna wani da za a iya ganewa, ko da ba ka ambaci suna ba, kamar ka ce wani tela a layinmu ko wani ɗan ajinmu mai kaza, to ka shiga babin ƙazafi. Mu Malikawa mun fi kowa tsanani a nan. Ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid ka duba babin haddi: ya ce akwai haddi a cikin habaici, kuma wanda ya ce wa wani “kai ɗan luwaɗi” za a yi masa haddi, bulala 80. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a zamanin Umar, ɗaya ya ce: wallahi ni dai ubana ba mazinaci ba ne, uwata ma ba mazinaciya ba ce. Umar ya yi shawara, aka ce ai yabon iyayensa ya yi, wasu suka ce iyayensa suna da abin yabo ban da wannan. Ya yi masa bulala 80. Barkwancin dandamali kuwa rabinsa habaici ne da kashe ido. Babu mai tsayar maka da haddi a Manchester, haddi ma aikin alƙali ne, amma zunubin yana nan a rubuce.

Kuma abin da ka faɗa a Manchester ba a nan yake kwana ba. Wani zai ɗauka a waya, kafin asuba yana yawo a TikTok a Kano da Kaduna. Ka san halin gida. A watan Janairun 2014 aka sa hannu kan dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, a watan da ya biyo baya wasu gungun mutane suka bi gida-gida a wata unguwa ta Abuja suka fito da samari suka lakaɗa musu duka kan zargi kawai. Shari'a ba ta san wannan ba. Babu mazhabar da ta miƙa hukunci ga 'yan unguwa da gora. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) wani mai kamanta kansa da mata ya yi lalle hannu da ƙafa, ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Aka ce ba za mu kashe shi ba? Ya ce: an hana ni kashe masu salla. Dariyar da ke koya wa matasa cewa wani jinsin mutane ba mutane ba ne, tana da kaso cikin abin da hannayensu za su aikata.

Cewa wai hani da mummuna ne, tambayi kanka da gaskiya: ranar da ka fara wannan kwaikwayo, niyyar gyara wani ka yi ko tafi kake nema? Hani da mummuna yana son ilimi da tausasawa da fatan mai laifi ya dawo. Ba mu taɓa jin wanda ya tuba don ɗaki guda ya yi masa dariya ba. Abin da aka fi gani shi ne ya guji masallaci ya koma inda ba a yi masa dariya. Sau da yawa ma wasan batsa ne aka lulluɓe, ana ambaton alfasha dalla-dalla ana shewa, alhali Suratun Nur aya ta 19 ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Shi kuwa Chappelle, rigimarsa ta Oktoban 2021 da ta sa wasu ma'aikatan Netflix suka fita zanga-zanga a Los Angeles kan abin da ya faɗa game da masu sauya jinsi, gardama ce ta Amurkawa kan iyakar 'yancin magana. Kasancewarsa Musulmi bai mai da aikinsa hujja ba. Dokar ƙasa tana iya ba ka damar faɗin abu, shari'a ta hana ka. Don haka ka cire kwaikwayon ɗan daudu daga wasanka gaba ɗaya, haram ne, kuma in akwai bidiyonsa a shafukanka ka goge.

Game da Baturen, ya yi maka alheri, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Imamul Ƙarafi, babban malaminmu na Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Alfuruƙ cewa wanda ya cuci kafirin amana ko da da mummunar kalma ko giba, ya tozarta alƙawarin Allah da Manzonsa. A nan ma kai ne baƙon da aka ba aminci a ƙasarsu. Gaisawa, aiki tare, hawa dandamali ɗaya a dare ɗaya, duk sun halatta, kowa da abin da zai faɗa. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne, kuma gaskiya ba ta lalacewa don bakin da ta fito. Ka koma ka ce masa ka daina, ba sai ka yi masa ƙaryar cewa addininka ya yarda da rayuwarsa ba. In ya tambaye ka, ka faɗa masa abin da ka yi imani da shi cikin ladabi, ba tare da zagi ba. Iyakarka ita ce kada ka hau taron da aka shirya musamman don tallata abin da shari'a ta haramta, kuma duk wanda ya hau ya fara izgili da Allah ko Annabi ko Alƙur'ani, shi ne ko wani, ka tashi ka fita har ya sauka, kamar yadda aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta umarta.

Kuɗin da ka riga ka karɓa, ka ƙiyasta kason da ya zo ta wannan kwaikwayo ka yi sadaka da shi tare da istigfari. In akwai wani takamaimai da mutane suka gane shi kake nufi, ka nemi yafiyarsa in hakan ba zai ƙara tona masa asiri ba. In zai ƙara, ka yi masa addu'a, ka kuma wanke shi a gaban waɗanda ka ɓata shi.

Wallahu a'alam.